Macijin masara yana karkaɗa wutsiya, kai kuma kana ta kai hannu

Sau uku a watan nan ana turo mini bidiyo iri ɗaya. Ɗan ƙaramin macijin masara ya takure a lungun akwati, wutsiya na rawa tana bugun jikin roba, firrr, ga hannun mai shi yana ta zungurarsa don a ji ƙarar da kyau. Tambayar ma ba ta sauyawa: "Malam, ko dai an cuce ni ne, an sayar mini da mai dafi?" Ba wanda ya cuce ka, ɗan'uwa. Kai ne kake cutar macijin.

Ga wanda bai san shi ba, wannan maciji ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka ne, irin su Fulorida da Jojiya, kuma masana na kiransa Pantherophis guttatus. Ana yawan samunsa kusa da rumbunan masara yana farautar ɓeraye, wasu ma na cewa can ya samo sunansa. Ba shi da dafi ko kaɗan, nannaɗe abincinsa yake yi ya matse. Babba yakan kai mita ɗaya da 'yan kai zuwa ɗaya da rabi, kuma in ya samu kulawa yakan yi shekara 15 zuwa 20 a hannun mutum. Sauƙin halinsa ya sa sabbin masu kiwo a Amurka da Turai suka fi farawa da shi. Na san mutanenmu da yawa in suka ji an ce ana kiwon maciji a ɗaki sai su riƙe baki. Wannan hira ce ta wata rana.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar rawar wutsiya a matsayin shaidar dafi ko mugunta. Tsoro ne kawai. Dabba ce da ba ta da hannu, ba ta da ƙafa, ba ta da murya, ta ga ƙaton abu ya tunkaro ta, to da me za ta ce maka ka ja da baya? A dajin da ya fito, in ya buga wutsiya a kan busasshen ganye, sautin na kama da na maciji mai kacau-kacau a wutsiya, wanda shi kam yana da mugun dafi. An daɗe ana cewa kwaikwayonsa yake yi. Amma a 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Arewacin Karolina sun nazarci jinsin macizai 56, suka nuna cewa alamu sun fi karkata ga cewa ɗabi'ar karkaɗa wutsiya ta riga kacau-kacau ɗin zuwa duniya. Macizai da dama na yin ta, har a ƙasashen da mai kacau-kacau bai taɓa zama ba. Tsohuwar ɗabi'a ce, ba ka da ikon cire ta, kuma ba cuta ba ce balle ka nemo magani.

Yanzu ga kuskuren da ya ci ni da tsada, kuma shi ne dalilin da ya sa raina ke ɓaci in na ga ana maimaita shi.

Macijiyata ta farko, na kawo ta gida tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba. Ban bar ta ta huta ba. Kwana biyu da zuwanta na ba ta jaririn ɓera, ta haɗiye, na ji kamar na ci jarrabawa. Washegari baƙi suka zo, aka ce a fito da ita a gani. Na ɗaga maɓoyarta, ta dunƙule, wuyan ya lanƙwashe, wutsiya ta hau rawa a kan takardar da na shimfiɗa mata. Na ji, na gani, na yi dariya na ce kunya take ji. Na ɗauko ta, aka yi ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu. Da daddare wani wari ya cika ɗakin, irin wanda ba ya barin hanci. Ta amayar da ɓeran, rabinsa ya narke. Da na tsaya nan da da sauƙi. Sai tausayi na banza ya kama ni, na ce ai yunwa za ta ji, bayan kwana uku na sake ba ta wani. Shi ma ta dawo da shi. Ta rame har fatar gefenta ta yi layi, sai da na kai ta wurin likitan dabbobi, na biya kuɗin da ya ninka farashinta, kuma na ci faɗan da na cancanta.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne amai ga maciji babban al'amari ne. Yana zubar da ruwan cikin da yake narka abinci da shi, yana kuma ƙona maƙogwaro, kuma jikin na bukatar lokaci kafin ya farfaɗo. Macijin da ya ƙoshi jikinsa ya yi nauyi, ba ya iya gudu, saboda haka in ya ji barazana sai ya zubar da kayan cikinsa. Wutsiyar nan gargaɗi ce ta yi mini tun kafin a kai ga haka, ni ne na toshe kunne. Tun daga ranar dokata ba ta sauya ba. Sabon zuwa ba na taɓa shi sai ya yi mako guda, kuma sai ya ci abinci sau biyu lafiya. Bayan cin abinci, awa 48 aka saba faɗa, ni kwana uku nake bari. Wanda ya yi amai kuwa sai ya yi mako biyu ba abinci, sannan in fara da ɗan ƙaramin ɓera. Wasu na cewa kwana goma ya isa. Su yi da nasu.

Sai kishiyar wannan, masu tsalle. Wutsiya na motsi su fizge hannu, su rufe akwati, ba za su sake kusantarsa ba sai bayan wata guda. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, amma ku ko saran ba a yi muku ba! Cizon jaririn macijin masara bai kai ƙaya ba, sabulu da ruwa sun gama magana. In kullum ya kaɗa wutsiya ka ɓace, yaushe zai gane hannunka ba bakin shaho ba ne? Abin da nake yi shi ne in fara duba ko yana da uzuri: bai ci abinci kwanan nan ba, ba saɓa zai yi ba, ba sabon zuwa ba ne. In babu, sai in zura hannu ta gefe, a hankali amma ba tare da ɗari-ɗari ba, in tallafo tsakiyar jikinsa daga ƙasa. Minti biyar ya isa. Ba na mayar da shi yana cikin fizge-fizge, sai ya lafa ya soma zaro harshe a natse. Sau biyu a mako. Yawancin ƙanana suna rage abin da kansu in sun girma.

Kuma don Allah ku daina zuwa masa ta sama. A daji mutuwa daga sama take sauko masa, daga shaho da mujiya. Hannunka mai yatsu biyar a buɗe bisa kansa, ka tuna da me ya yi kama.

Akwai wata rawar wutsiyar da ke ruɗa mutane, ta lokacin ci. Wasu macizan in suka ji ƙanshin ɓera, ko suna tsakiyar haɗiya, wutsiya sai ta hau ɓari. Dubi sauran jikin. Mai tsoro baya yake ja, ya takure, wani lokaci ya saki wani ruwa mai wari daga gindin wutsiya. Mai yunwa gaba yake yowa, harshe na fita da sauri, kai na bin duk abin da ya motsa. Wannan na biyun in ka miƙa masa yatsa mai warin ɓera, kada ka zo kana ba ni labarin mugunta. Ka wanke hannu, ka riƙa miƙa abinci da dogon hantsaki.

In idonsa ya yi fari-fari kamar hazo, saɓa ce ke tafe, ba ya gani sosai, komai tsoro yake ba shi. Ka ƙyale shi har ya tuɓe.

Akwati fayau ba wurin ɓuya ma laifi ne. Maɓoya biyu, ɗaya a ɓangaren ɗumi wajen digiri 29, ɗaya a ɓangaren sanyi, kuma matsattsu, waɗanda jikinsa zai taɓa bangonsu. Kada ka ajiye akwatin kusa da sifika ko kan firji, domin ko da yake ba shi da kunne a waje, yana jin girgiza ta jikinsa. Kyanwa da ke kwanciya a kan murfi, a kore ta. Yara masu ƙwanƙwasa gilashi, a tsawata musu.

Babban macijin da ya saba da hannu shekara da shekaru, in rana ɗaya ya koma karkaɗa wutsiya da kai sara ba dalili, wannan ba maganar horo ba ce. Ka duba zafin akwati, ka duba jikinsa ko akwai ƙananan ƙwari baƙaƙe tsakanin ɓawon fata, ka saurari numfashinsa. In ka ji shaƙewa ko ka ga majina a baki, sai likita.

Wani ƙanena ya karanta irin wannan bayani ya ce mini, "Yaya, ashe duk macijin da ke ƙara tsorata mutum kawai yake yi." Na ce masa kul. Duk abin da na faɗa a kan macijin masara ne da ke cikin akwati, wanda ka san asalinsa. Kububuwar da ke gonakinmu ita ma tana gargaɗi da ƙara, ta goga ɓawon jikinta ya riƙa cewa shuuu, kuma saranta ne ke cika asibitin saran maciji na Kaltungo da manoma duk damina. In ka ji wannan sautin a cikin ciyawa, ka ja da baya ka canza hanya.