Yadda Goenka ya koyar da bibiyar numfashi

Jama'a shi Goenka, malamin da ya koyar da natsuwa ta hanyar bibiyar numfashi, Ba'indiye ne amma a ƙasar Bama (Myanmar a yau) aka haife shi a 1924, ɗan kasuwa ne, ciwon kai mai tsanani ya kai shi gun malaminsa U Ba Khin, a 1969 ya koma Indiya yana koyarwa har ya zaga Turai da Amurka, ya rasu a 2013. Kwas ɗinsa kwana 10 ne, ba hira ba waya, kuma ko sisi ba a karɓa sai wanda ya ga dama ya bayar.

Matakin farko ba wuya. Bayan asuba kafin motocin danfo su fara hon a Agege ta Legas, samu wuri ka zauna ka miƙe bayanka, rufe ido, hankalinka na kan ƙofar hanci kawai, iska ta shiga ka sani, ta fita ka sani. Kar ka ja numfashi da gangan, kar ka ƙirga, ba wata kalma da za ka riƙa maimaitawa, ni nan ne ma ya burge ni gaskiya. Tunani zai gudu kasuwar Mile 12 kan farashin tumatir, ba komai malam, dawo da shi ba tare da jin haushi ba. Fara da minti 10, in janareton maƙwabci ya dame ka shi ma barshi ya yi ta yi.