Kurakuran da aka fi yi wajen lup da daddatsa birek na ganguna

Birek shi ne wurin da sauran kayan kiɗa suka yi shiru a tsohuwar waƙa, aka bar mai ganguna shi kaɗai. DJ Kool Herc da faifai biyu yake maimaita shi a Bronx a 1973. Daddatsawa, wato yanka birek guntu-guntu, ta bazu ne daga baya, da zuwan na'urorin ɗaukar guntun sauti irin SP-1200 a 1987 da MPC60 a 1988. Lup, wato guntun kiɗa da ake ta maimaitawa, yana riƙe hannun makaɗin yadda yake, datsa kuma tana ba ka ikon sake jera bugun. Kowace da inda take ka da mutum.

A lup, yawanci wurin yanka ne matsalar. Fara daidai kan kik (bugun babbar ganga ta ƙafa) na farko, ka tsaya dab da kik ɗin da ke buɗe gaɓa ta gaba. A gudun bugu 90 a minti, gaɓa mai bugu huɗu daƙiƙa 2.67 ce. In ta gaza ko ta zarce, kiɗan zai riƙa ɗingishi a kowane zagaye. Makaɗin kuma mutum ne, gudunsa yana ɗan motsi, don haka ɗauki gaɓa ɗaya ko biyu, kada ka kwaso takwas. In kana jin "ƙas" a mahaɗa, ka yanka ne a tsakiyar igiyar sauti. Zuƙo hoton, matsar da yankan zuwa inda igiyar ta ratsa layin tsakiya, ko ka dusashe bakin da milisakan 2 zuwa 5.

Sai jan tsiya da ake yi wa birek. Na "Amen, Brother", wanda The Winstons suka fitar a 1969, gudunsa wajen 136 ne. Ka miƙe shi zuwa 90 ba tare da sauya murya ba, siniyar (snare, ƙaramar ganga mai kaifin sauti) sai ta yi laɓo-laɓo kamar kwali ya sha ruwa. Gara ka sauke muryar da samiton 7 (samiton shi ne tazarar murya tsakanin maɓallan piano biyu da ke jere). Gudun zai sauko wajen 91 da kansa, gangunan kuma su ƙara kauri.

Ɓarnar ta fi yawa a datsa. Slicex na manhajar kiɗa ta FL Studio da Simpler na manhajar Ableton suna yanka da kansu, amma wani lokaci alamar tana faɗawa bayan bakin bugun, sai kik ya rasa kaifinsa. Bi alamomin ɗaya bayan ɗaya, ka ja kowace baya kaɗan.

Babban laifin shi ne a yanka komai gutsi-gutsi, sannan a ɗaure kowane bugu a kan layin ma'aunin lokaci na manhaja ɗari bisa ɗari. Daɗin "Funky Drummer" na James Brown yana cikin ƙananan bugun siniya da mai gangunan, Clyde Stubblefield, yake sakawa a ɓoye tsakanin manyan. In ka daidaita su tsaf da ƙarfi ɗaya, ka kori makaɗin, saura inji. Yanka manya-manya: guntu ɗaya daga kik zuwa siniya, wani daga siniya zuwa kik na gaba, ƙananan bugun su tafi a cikinsu. In dole sai ka ɗaure, sa suwin (swing, ɗan jinkirta wasu bugun don kiɗa ya yi rangaji) tsakanin kashi 54 da 62.

In ka rage gudu bayan datsa, ramukan shiru za su bayyana tsakanin guntaye, domin amon ɗakin da aka ɗauki sautin ya katse. Shimfiɗa shuu ɗin faifan a ƙasa, ko ka ƙara ɗan gajeren ribab (reverb, amon ɗaki da manhaja ke ƙarawa). In kuwa guntaye suna hawa kan juna, sa su a rukuni ɗaya yadda sabon bugu zai kashe na baya.

Wajen ɗora 808 (kik mai zurfin nauyi na na'urar TR-808) ko wani kik a kan birek, tace birek ɗin daga 100 Hz zuwa ƙasa. In duk da haka nauyin ya ragu maimakon ya ƙaru, igiyoyin biyu ne suke cin juna: kifar da fuskar ɗaya (wato juya igiyar, sama ta koma ƙasa), ko ka matsar da shi milisakan kaɗan har ƙasan ya cika.