Kurakuran da mutane ke yi da kayan sarautar Bama, da yadda za a gyara

Kwanan nan ina ta ganin hotunan yara 'yan ƙasar Bama, wato Myanmar, an sa musu doguwar hula mai tsini da kaya masu walƙiya an ɗora su kan doki, sai ka ga wani ya rubuta a ƙasa wai ango ne, wani ya ce ɗan sarki ne, wani ma ya ce Tailan ce, kuma wallahi abin yana damuna don duk ba haka ba ne. Bikin nan sunansa shinbyu, yaro ne za a kai gidan ibadar Buddha ya zauna na ɗan lokaci, shi ya sa ake masa shigar yarima don tuna Siddhartha, wato shi Buddha ɗin, da ya bar gidan sarauta, ana gama zagaye gari a cire kayan a aske masa kai ƙwal a sa masa mayafin sufaye. To in ka ga yaro ƙarami cikin wannan shigar kar ka ce aure ne. Yaran mata da ke gefe sanye da kayan gimbiya galibi hujin kunne ake musu a ranar.

Kuskuren da ya fi yawa dai shi ne haɗa komai a kira shi hula. Abin da namiji ke sawa ranar aure ko taron gwamnati gaung baung ne, ma'anarsa naɗin kai, ƙyallen siliki ne, da can da hannu ake naɗawa amma yanzu yawanci an riga an naɗa shi kan ƙwarangwal na saƙa, ɗorawa kawai za ka yi, da ɗan bakin ƙyalle da ke fitowa a gefe kamar kunne. Ita kuwa doguwar mai hawa-hawa da tsini, magaik, kambin sarki ce, yau sai a wasan kwaikwayo da rawa da jikin gumaka da irin bikin yaran can. Ka ɗora magaik ka je ɗaurin aure daidai yake da mutum ya naɗa rawani mai kunne biyu ya shiga fadar Kano alhali ba jinin gidan ba ne, kowa zai juyo ya kalle shi. Gyaran ba wuya, babban mutum gaung baung da rigar taikpon marar kwala, shi ke nan.

Maganar Tailan kuma ban ga laifin mutane sosai ba, kamannin akwai shi, don a 1767 sojojin Bama sun ci birnin Ayutthaya, babban birnin Tailan a lokacin, suka kwaso masu rawa da makaɗa zuwa gida, har yau akwai rawar da suke ce wa Yodaya, wato Ayutthaya a bakinsu. Amma ka duba daga ƙugu zuwa ƙasa, in ka ga zane mai layukan igiyar ruwa suna murɗewa cikin juna, acheik ne, na Bama ne. Na ainihi sunansa luntaya acheik, wato mai ƙoshiya ɗari, a Amarapura kusa da Mandalay ake saƙa shi, mata biyu ko uku kan masaƙa ɗaya kuma sai ya ɗauki makonni. Anan ma ana cutar mutane, a sayar musu da na bugawa a kuɗin na saƙa. Juya bayansa, na bugawa bayan ya koɗe fari-fari, na saƙa kuwa za ka ga zaren launin ya ratsa har baya.

Sai ɗaurin zane, abin dariya amma su ba sa ɗaukarsa wasa. Na maza paso ne, ana tattaro shi daga gefe biyu a ƙulle a gaba dai-dai cibiya, na mata htamein ne, a naɗe a soke a gefe. Namiji ya soke a gefe an gama da shi.

Wanda ya fi ci min rai shi ne salwe, waɗannan igiyoyin zinare da ke ratsa ƙirji daga kafaɗa, mutane na zaton sarƙar ado ce ka ƙara yadda ka ga dama. A zamanin gidan Konbaung da ya yi mulki daga 1752 zuwa 1885, yawan igiyar shi ke faɗin matsayinka, ƙaramin mai sarauta uku, a hau shida, tara, sha biyu, sarki shi kaɗai ke da 24. Turawan Ingila sun tsige sarki Thibaw da sarauniya Supayalat a 1885 suka kai su Ratnagiri a Indiya, fada ta watse amma mutanen ba su manta lissafin ba. In za ka ɗinka kayan wasa na makaranta ko ka zana wani hakimi, ƙirga igiyar tukuna, kuma in ka cire abin kai kar ka ajiye shi a ƙasa kusa da takalmi, kai wuri ne mai daraja a wurinsu, nemi saman tebur ka ɗora.