Yadda Ake Duba Zanen Taya Kafin Damina

Wanda ya kalli tseren Formula 1 zai lura cewa tayoyin motocin sumul suke, kuma wannan na iya sa mutum ya ɗauka cewa suɗaɗɗiyar taya ba ta da illa. Gaskiya ne a busasshiyar kwalta gwargwadon robar da ta taɓa ƙasa, gwargwadon riƙon taya, shi ya sa hukumar FIA mai kula da tseren ta tilasta yin tsagi a tayoyin daga 1998 zuwa 2008 domin rage gudu a kwana. Sai dai robar tsere mai taushi ce da ke danƙo idan ta ɗauki zafi, kuma da zarar an tsuge da ruwa ake sauya ta da mai zane, wadda kamfanin Pirelli ke yi wa alama da kore ko shuɗi. Direban da ke kan hanya ba shi da wannan gata.

Aikin zane shi ne kore ruwa daga ƙarƙashin taya. Idan ya suɗe, ruwa kan shiga tsakanin roba da kwalta har motar ta riƙa sulɓi, birki da sitiyari su daina amsawa.

Saboda haka, a juya sitiyari har ƙarshe domin fuskar tayar gaba ta bayyana, sannan a leƙa cikin manyan tsagogin. Akwai 'yan ƙananan tudun roba da masana'anta ta dasa a ciki. Idan zanen ya yi daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, iyakar da dokar Birtaniya ta amince da ita, kuma a ganina bai kamata mai tafiya da damina ya jira har nan ba. A shafa hannu daga gefe zuwa gefe: cinyewar tsakiya alamar iska ta yi yawa ce, ta gefuna biyu kuwa ƙarancinta.

Taya mai zane kamar harafin V fuska ɗaya take juyawa, don haka a tabbatar mai faci ya bi kibiyar da ke jikinta. Mai sayen tokumbo ya guji wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara, domin galibi an yi ta ne don hunturun ƙasashe masu sanyi irin na Turai, zafin kwaltarmu yana saurin cinye ta. Idan biyu kaɗai za a sauya, sababbin a baya ake ɗaura su, saboda zamewar baya ta fi wuyar shawo kai.