Babi na 6: Zaɓen bokitin haƙa na ƙaramar tarakta

Darasi na 1: Sunayen sassa

Ƴan'uwa, a kashe injin, a zare makulli, a sauke bokiti ya zauna ƙasa. Yanzu ku zagaya bayan tarakta. Ƙarfen nan mai lanƙwasa shi ne hannun haƙa. Abin da ke bakinsa mai haƙora shi ne bokiti, wanda makanikai ke ce wa gode, daga Faransanci. A ƙeyar bokiti akwai ƙarafa biyu a tsaye, su ne kunnuwa, kowane da huda biyu. Ƙusoshi biyu masu kauri ne ke ratsa hudojin su riƙe bokitin. Ku taɓa kowane ku faɗi sunansa: haƙora, kunnuwa, ƙusa.

Darasi na 2: Faɗin bokiti

In an ce girman bokiti, faɗin bakinsa ake nufi, daga gefen waje zuwa gefen waje. Wani da santimita aka rubuta shi, wani da inci. Inci 1 kusan santimita 2 da rabi ne. Inci 9 kusan santimita 23 ke nan, inci 12 santimita 30, inci 16 santimita 40, inci 18 santimita 45, inci 24 santimita 60. Ku kwafe wannan a littafinku.

Taraktar da ba ta kai ƙarfin doki 25 ba, ku tsaya tsakanin santimita 23 da 40. Wadda ke tsakanin doki 25 da 45 tana ɗaukar 30 zuwa 60. In takardar kamfani ta faɗi iyaka, ita za ku bi.

Kowa idonsa kan babba yake, wai aiki ya yi sauri. Amma ƙarfin hannun haƙa ɗaya ne, ba ya ƙaruwa don bokiti ya ƙaru. A ƙaramin bokiti ƙarfin yana taruwa kan haƙora 3, sai su huda ƙasa. A babba yana rarrabuwa kan haƙora 4 ko 5, sai su yi ta kankarar sama. Ƙasar Adar kun san ta, fako ce da tsakuwa da marmara. A irin ta bokitin santimita 30 zai gama rami kafin na 60 ya yi rabi. Ga kuma nauyi: lita guda ta jiƙaƙƙiyar ƙasa ta kusa kilo 2, na 60 kuwa yana kwasar ninkin abin da na 30 ke kwasa. In aka miƙa hannu gefe da wannan kaya, ƙaramar tarakta tana iya ɗaga ƙafa.

Siriri ma da nasa aibin. A lakar fadama, irin ta kwarin Majiya, laka tana cushewa cikin na santimita 23 ta ƙi zubowa, sai an sauko an caccake ta. Kuma mutum ba ya shiga irin wannan rami ya haɗa tiyo. A rairayi babba yana tafiya lafiya lau.

Binne tiyon ban ruwa a garkar albasa: santimita 30. Tushen gini: 40 zuwa 60, yadda magini ya ce. Mai kuɗin bokiti ɗaya tak a ƙasar Tawa, na 30 ko na 40 muke ba shi shawara.

Darasi na 3: Awo uku

A nan ne mafi yawan ɗalibai ke tuntuɓe, don haka za mu tafi sannu. Kada kowa ya ji kunya. Faɗi yana iya yin daidai bokiti ya ƙi hawa hannu, domin kowane kamfani da nasa awon.

Ku ɗauko mita. Tsakanin lamba da lamba ƙananan layuka sun raba shi gida 10, kowane gida milimita 1 ne. Da milimita za mu auna. Daga sifiri ake farawa, ba daga 1 ba.

Awo na farko, kaurin ƙusa. A zare ta, a goge giris, a auna wajen da bai cinye ba. Sau da yawa za ku ga 25 ko 30. Ƙusar 25 cikin hudar 30 tana ƙwanƙwasa har hudar ta koma kamar ƙwai.

Awo na biyu, tsakanin kunnuwa, daga ciki zuwa ciki. In ya gaza kaurin bakin hannu, ba zai shiga ba. In ya ɗara da milimita 2 ko 3, a cike da zoben ƙarfe.

Awo na uku, daga tsakiyar huda zuwa tsakiyar huda, a kunne ɗaya. Tsakiya fanko ce, babu inda za a dafa mita. Ga dabara, in hudojin girmansu ɗaya: ku aza sifiri a gefen hagu na huda ta farko, ku karanta a gefen hagu na huda ta biyu. Hagu zuwa hagu. Wannan daidai yake da tsakiya zuwa tsakiya.

Mu sake. Sifiri a ina? Gefen hagu na ta farko. A karanta ina? Gefen hagu na ta biyu. Madalla. Wanda ya auna ƙarfen da ke tsakanin hudojin kawai, ya rage awon da faɗin huda guda, milimita 25 ko 30 cur. Bokitin da aka sayo da wannan awo ba zai naɗe ya riƙe ƙasa ba, ko kuma ya ƙi buɗewa ya zubar.

Ku sake aunawa, hagu zuwa hagu, ku rubuta. Ku ba na kusa da ku shi ma ya auna. In lambobinku sun saɓa, ku koma.

Har yanzu akwai masu auna da ɗani da yatsa, akwai masu cewa sun riƙe a ka. Haba, Malam! Wannan ba awon zane ba ne a kasuwa. Mutum ya tashi daga Tawa har Yamai, sama da kilomita 500, ya dawo da ƙarfen da bai shiga ba, sannan a kai wa mai walda ya ƙona kunnuwa? Wanda bai rubuta lambobi uku a takarda ba, kada ya wuce wannan shafi. Kauri. Ciki zuwa ciki. Hagu zuwa hagu.

Darasi na 4: Gwaji

A sauke ƙafafun ƙarfe biyu na baya, masu tokare tarakta, su dafa ƙasa. A naɗe bokiti har ƙarshe, a buɗe har ƙarshe, sannu a hankali. In ƙarfe ya taɓa ƙarfe, a tsaya. Kafin haƙa cikin gari a tambayi inda wayar wutar lantarki ta NIGELEC da tiyon pompo suka bi. Ramin da ya kai ƙirji a rairayi, kada kowa ya shiga.

Darasi na 5: Kulawa

Giris a ƙusoshi kowace ranar aiki. Haƙorin da ya dakushe a canza shi.

Darasi na 6: Aikin gida

Ku auna bokiti guda, ku kawo lambobin uku a rubuce.