Yadda za ku mayar da ƙusa maganaɗisu da fil guda

Yaran lakkwal, ku zo ku gwada wannan, ni da ƙanwata mun yi shi a zaure kuma wallahi ya ɗauki allura.

Ku nemo ƙusa doguwa ta ƙarfe, da fil babba na tocila mai volt 1,5, sai wayar jan ƙarfe siririya kamar mita ɗaya, mai gyaran radiyo a kasuwar Dole zai cire muku daga tsohon kaya.

Da farko ku kankare bakin wayar duka biyu da wuƙa har ya yi ƙyalli, don akwai wani fenti a jikinta da ke tare kuran, nan ne yawanci ake kuskure a ce abin bai yi ba. Sai naɗi. Ku naɗa wayar a jikin ƙusar zagaye 50 ko fiye, kusa da kusa, duk ta hanya ɗaya, kar ku juya baya a tsakiya, in kun juya ƙarfin wani zagaye na kashe na wani. Ku bar jela a kowane gefe.

Yanzu ku ɗora bakin wayar guda a kan fil, ɗayan a gindinsa, ku danne da roba. Kai tsinin ƙusar kusa da allura, za ku ga ta yi tsalle ta manne! Kuran da ke zagaya wayar ne ya haifar da jan, kuna cirewa yawancinsa ya tafi.

Wayar na zafi, kar ku wuce sakan 10. Kuma don Allah kar wanda ya kai ta kuran gida, volt 220 ne, yana kisa.