Ba zafin Garwa ke ƙona inji ba: kurakuran masu mota da maganinsu

Daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, in ka bi hanyar Garwa zuwa Marwa a arewacin Kamaru da azahar, da wuya ka kai Figil ba ka ga mota a gefen titi da bonet a ɗage ba, direba na tsaye da jarka yana jiran tururi ya lafa. Ka tambaye shi, amsar ɗaya ce: zafin ƙasar nan ne. Ba shi ba ne. Gaskiya a wannan lokacin zafi kan wuce digiri 40 ko a inuwa, amma shi inji an ƙera shi ne ya yi aiki da ruwan da ke tsakanin digiri 85 da 95. Motar da radiyatarta ke da tsabta, fankarta na tashi a kan lokaci, murfin radiyata na riƙe iska, za ta yi tafiyar wuni da kilim, wato AC, a kunne allura ba ta wuce tsakiya ba. Abin da ke dafa injina a nan hannun mutum ne, kuma yawanci hannun ya shiga ne tun ranar da motar ta iso daga Duwala.

Ga yadda ake yi. An kawo kwanjale, wato motar hannu daga waje, sabuwar sauka, mai ita ya kai ta gareji a duba masa. Bakanike ya kwance noti biyu, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai sifirin, ya miƙa masa: "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, a nan ba shi da aiki." Wannan ƙarfen shi ne kalorsta, abin da kanikawan Najeriya ke kira tamosta. Sannan a haɗa fanka kai tsaye da makulli don ta riƙa juyawa ba tsayawa, a ce an gyara mota ta dace da ƙasa. Ɓata ta aka yi.

Kalorsta ƙofa ce. Inji na sanyi tana rufe, ruwa ya yi zafi da wuri. Ya kai wajen digiri 82 a yawancin Toyota, sai ta buɗe masa hanyar radiyata. A injina da yawa tana da aiki na biyu da mutane ba su sani ba: yayin da take buɗe hanyar radiyata, tana toshe wata gajeruwar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji kai tsaye. Ka cire ta, hanyoyin biyu sun zama a buɗe, ruwa kuwa sauƙi yake nema, sai wani kaso ya riƙa zagaye cikin inji bai leƙa radiyata ba. A cikin gari ba za ka ga komai ba. Sai ka ɗauki kaya ka kama hawa. Da safiyar hunturu kuma akasin haka ne: inji ba ya ɗumi, kwamfutar mota na ganin har yanzu da sanyi, tana ta ƙara fetur. Mai na tafiya a banza, filogi na baƙi, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. Ita kuma fankar da aka haɗa kai tsaye ta ɓoye maka ainihin ciwon, ranar da ɗan injin da ke juya ta ya ƙone don wahala ba abin da zai sanar da kai.

Idan ana zargin kalorsta, gwajinta bai fi minti goma ba. A jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Mai lafiya za ta fara buɗewa kafin ruwan ya tafasa, ta buɗe wajen milimita 8 zuwa 10, ta rufe in ta huce. Wadda ta ƙi, a sa sabuwa mai lambar zafi iri ɗaya da wadda aka buga a jikinta. A mayar da fanka kan na'urarta ta jin zafi.

Sai ruwan da ake ɗurawa. Kowa ya ga farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar mai shayi. Shi ne ruwan rijiya da na burtsatse ke bari a cikin siraran bututun radiyata, ga tsatsa da ke cinye fuka-fukan famfon ruwa har ya zama yana juyawa ba ya tura komai. Ruwan radiyata na kanti ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga ma'aunin tafasa. Mai kauri ana gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir. Wanda aka riga aka gauraya a zuba shi haka. Kada a haɗa ja da kore don dai su ne a kusa. In tafiya ta ritsa da kai, ruwan da ke ɗiga daga kilim ɗin ɗaki ya fi na rijiya. Murfin radiyata kuma ba marfin kwalba ba ne. Lambar 0.9 ko 1.1 da ke kansa ƙarfin iskar da yake riƙewa ne, shi ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Robarsa ta tsage, ruwa zai tafasa a 100 kamar na girki. Abu ne mai araha, amma sai ka ga an ɗaure shi da leda.

A duba tsakanin radiyata da ragar kilim da ke gabanta. A nan ƙura da ƙwari da ɓurɓushin auduga daga manyan motocin kaka ke taruwa su zama kamar tabarma. A wanke daga baya zuwa gaba, da ruwa mara ƙarfi, kada fiffiken ya lanƙwashe.

To allura ta hau, me direba ke yi? Yawanci cewa yake bari in lallaɓa zuwa gari na gaba. Wannan lallaɓawar ce ke cin kuɗin da ya isa ciyar da gida wata uku. Ka sauka gefe nan take, ka kashe kilim, ka kunna hita har ƙarshe ko da kana zufa, domin hita ƙaramar radiyata ce. In ga tururi ko ruwa na zuba, kashe inji. Ka jira aƙalla rabin sa'a, kada ka taɓa murfi. Kuma don Allah a daina watsa wa inji ruwan sanyi! Kan inji, kilas, na yawancin ƙananan motocin yanzu alminiyum ne. Zafi ya wuce kima ko sanyi ya buge shi farat ɗaya, sai ya karkace. Karkacewar da aka yarda da ita a injina da yawa ba ta wuce milimita 0.05 ba, ba ta kai kaurin gashin kai ba. Daga nan sai juwan-kilas, wato gasket ɗin da ke tsakanin kilas da jikin inji, ya ƙone: farin hayaƙi a salansa, kumfa na tasowa a bakin radiyata, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. In an zo gyara, kada ka yarda a ɗora sabon juwan ba a auna kilas ba, kada kuma a ɗaure notinansa da bututu da ƙarfin damtse. Akwai sifana mai awo, akwai jerin da ake bi daga tsakiya zuwa gefe. Bakaniken da ba shi da ita, ɗauke motarka.

Sauran kurakuran gareji ba sa buƙatar dogon bayani. Man gwangwani mai kauri, 20W50 ko SAE 40, ba ya gyara injin VVT-i da aka rubuta wa 5W-30, sai dai ya jinkirta isar mai sama da safe. Corolla mai injin 1ZZ lita 3.7 take sha har da filta, ba galan guda cur ba. A ƙurarmu ni ba na wuce kilomita 5,000 ban yi bidanj, wato juyen baƙin mai, ba, filta kuma kowane karo. Filtar iska a hunturu a kakkaɓe ta duk mako, in za a hura a hura daga ɓangaren mai tsabta, wadda ta huje a yar. Cire kan batir inji na aiki wai don a gwada caji hanya ce ta ƙona kwamfuta. Mita za ta nuna maka 12.6 a kashe, 13.8 zuwa 14.4 a kunne. Wutar inji ta kama a das, a sa na'ura a karanta, ba a liƙe ta da baƙin salatif ba.

Zuwa-zuwa, fetur ɗin kwalba na bakin titi da ake shigowa da shi daga Najeriya, ba sai an yi wa kowa wa'azi a kansa ba, kowa ya san abin da aljihunsa zai ɗauka, ko da yake tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 arahar ta ragu. Wanda zai saya ya ɗaga kwalbar ya duba gindinta, ruwa a ƙasa yake kwanciya, a tace da ƙyalle mai tsabta. Kada tanki ya riƙa sauka ƙasa da kwata, don famfon da ke ciki da man yake hucewa. Mai Hilux D-4D kuwa ya nisanci gazuwal, wato dizal, na jarka: injektocinta ba irin na tsohuwar Hilux mai injin 5L ba ne da ke haɗiye komai.

Masu sauko wa daga Ngaundare, gangaren dutsen da ake kira falez ba wurin sakin mota a furi ba ne. Giya ta biyu ko ta uku, mai otomatik ya sa 2 ko L, inji ya riƙe motar. Taka birki ba ɗagawa na tafasa man birki, musamman wanda ya shekara biyar yana shan danshi, sai feda ta tafi ƙasa fayau. A canza shi duk shekara biyu. Da damina kuma, mayo, wato kogi, ya kawo ruwa a Marwa, mota ta mutu a tsakiya, kada a sake murɗa makulli. Ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga silinda, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. A ja ta waje, a cire filogi, a fitar da ruwan tukuna.

Yanzu sayen mota, inda mutane masu hankali a kasuwa ke komawa yara. An wanke ta, an shafa wa taya mai, dillali na cewa wata hajiya ce ke zuwa asibiti da ita. Mai saye ya zagaya sau biyu, ya danna rediyo, ya ji kilim, ya biya. Fenti da rediyo ya saya. Wasu ma ta hoton WhatsApp suke tura kuɗi Duwala, cinikin biri a sama.

Ka je da sassafe, ba tare da ka faɗi lokacin ba, da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ɗora hannu a kan inji. In da ɗumi, an riga an tayar da ita don kada ka ji yadda take tashi, koma gobe. Murɗa makulli ba tare da tayarwa ba: wutar inji, ta mai, ta batir, ta ABS, ta jakar iska, duk su kama, su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko an cire ƙwanta. Buɗe murfin radiyata tun tana sanyi, a tayar, ka kalli ko kumfa na fitowa. Tsaya a baya wani ya taka totur: shuɗin hayaƙi cin mai ne. Man giyar otomatik ja ne ko ruwan zuma. Baƙi mai ƙaurin ƙuna, bar musu kayansu. Ɗan maganaɗisu a cikin ƙyalle zai nuna maka inda aka cike loɓawa da mastik, don ba ya kamawa a wurin. Shiga rami ka duba ƙasanta, don gishirin da ake zuba wa titunan Turai da sanyi yana cin ƙarfe daga ƙasa, ka ga kuma ko an yanke katalizar, abin tace hayaƙi da ke jikin salansa, an saka bututu. Ɗaga kafet, ja bel ɗin kujera har ƙarshe: laka ko layin ruwa na nufin ta kwana cikin ambaliya, kuma bayan abin da aka gani a Yagwa da Kusiri da Njamena a 2024 wannan dubawar ta zama dole. Lambar kilomita kada ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Robar feda da sitiyari da kujerar direba ba sa ƙarya. Ka tuƙa ta aƙalla minti ashirin, har da hanya mai gargada, rediyo a kashe.

Taya na da ranar haihuwa: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefenta, misali 2319, mako na 23 ne a 2019. Mai alamar dutse da ƙanƙara ta hunturun Turai ce, robarta laushi gare ta, kwaltar Afrilu na cinye ta.

Duk wannan in takardu ba su cika ba aikin banza ne. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce. Ka karanta ta da idonka inda aka buga ta a jikin ƙarfe, ka gwada da ta kat-giris, wato takardar rajistar mota, da ta takardar duwan, wato kwastan, ɗaya bayan ɗaya. Alamar walda ko sabon fenti a wurin ya isa ka juya. Motar da ta fito tashar Duwala da sunan za ta wuce Cadi ba ta biya duwan Kamaru ba. In an sayar maka da ita a Ngaundare ko Garwa, bashin na wuyanka, kuma a hannunka za a kama ta. Haka mai lambar Najeriya da ake ce maka "za a daidaita daga baya". Sunan da ke kat-giris ya zama na mai sayarwa, ka gani a katin shaidarsa. In ba shi ba ne, a kawo takardun cinikin da suka haɗa su. A rubuta takardar sayarwa, hukuma ta buga hatimi, a karɓo non-gaj mai nuna ba a jinginar da motar ba, sannan kuɗi ya fita. Ka mayar da kat-giris sunanka da wuri, ka duba ranar ƙarewar asirans, wato inshora, da bizit teknik, takardar gwajin lafiyar mota. Mai niyyar haye gadar Ngeli zuwa Cadi ya nemi kat-roz, takardar inshorar ƙasashen ƙungiyar CEMAC ta Afirka ta Tsakiya, wajen mai inshorarsa tun kafin ya tashi.

Kada ka kashe kuɗinka kaf a ciniki. Satin farko akwai baƙin mai, filtoci, ruwan radiyata, man birki, da bel ɗin taimin in motar mai bel ce kuma ba takardar da ta nuna yaushe aka canza shi. A Land Cruiser mai 1HZ kilomita 100,000 ne wa'adinsa, a Hilux mai 2KD 150,000, kuma a waɗannan injinan in ya tsinke fistin da bawul ne ke karo. A canza shi tare da abin ɗame shi, a rubuta kilomita da ranar da fenti a kan murfinsa.